Jadawalin Ƙasashe Goma Sha Biyu

Watana biyar da fara aiki a cibiyar bincike, saura wata guda a tabbatar da ni ko a sallame ni, Darakta ya kira ni ofishinsa. Jadawali yake so: ƙasashe goma sha biyu na yankinmu, kowacce da yawan mutanenta da ke cikin matsanancin talauci, kashi nawa cikin ɗari. Zai gabatar a babban taro ranar Laraba.

Na haɗa alƙaluman, na jera daga mai dama-dama zuwa wadda ta fi jin jiki. Ƙasarmu ta fito ta biyu daga sama. Darakta ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.

"Madalla! Da wannan zan buɗe jawabina."

Aka buga kwafi ɗari biyu.

Ranar Laraba da ƙarfe tara muna jera takardun a kwali, ni da sakatariyarsa, wadda kowa ke kira Anti. Ta ɗaga ɗaya ta ƙura mata ido.

"Mu ne na biyu? To a wace unguwa suka yi ƙirgan? Don dai ba su biyo ta layinmu ba. Da sun biyo, maƙwabtana kaɗai sun isa su ja mu zuwa na goma."

Na yi dariya, amma maganarta ta tsaya min a rai. Na koma kan kwamfuta na buɗe rumbun bayanan da na ɗebo alƙaluman daga ciki. A gefen kowace ƙasa akwai wata 'yar lamba da ban kula da ita ba. Na danna. Shekarar da aka yi binciken gida-gida ce. Ta farko, bara. Ta uku, shekara biyu da suka wuce. Tamu, shekara goma sha ɗaya. Tun kafin farin da ya cinye gonaki, tun kafin masaƙun garinmu su rufe.

Fanka na juyawa a kaina amma zufa ta jiƙa min baya.

"Lafiya, 'yar nan?" in ji Anti.

Na juyo mata da allon. Ta karanta a hankali, leɓenta na motsi.

"Wato hotonmu na ƙuruciya kika ɗora kusa da na tsufansu."

"Anti, idan na yi shiru, wa zai gane?"

"Ba kya ganin masu zuwa taron nan? Akwai wani tsohon farfesa da ke zama a gaba. Har waƙafi yake gyara wa mutane." Ta leƙa taga. "Ga shi can direba ya fito da mota. Ko ki faɗa masa yanzu, ko a faɗa masa a gaban jama'a."

Ban san yadda na sauka bene hawa uku ba. Na tarar da Darakta ya sa ƙafa ɗaya a mota, waya a kunne. Na tsaya ina murza yatsu har ya gama.

"Ranka ya daɗe, akwai matsala a jadawalin."

"Wace iri?"

Na yi masa bayani, ina maimaita abu ɗaya sau biyu. Fuskarsa ta canza.

"Lambar ƙarya ce?"

"Ba ƙarya ba ce, ranka ya daɗe. Tsohuwa ce."

"To ina sabuwar?"

"Babu. Ba a sake binciken ba."

Ya dubi agogo. "Kin san mutum nawa na riga na faɗa wa mu ne na biyu? Jiya ma na faɗa a waya." Direba ya sunkuyar da kai kamar ba ya nan. "Ƙarfe goma sha ɗaya zan hau mumbari. Duk yadda za ki yi, kowace takarda ta iso da shekarunta a jiki."

Ya ja ƙofa da ƙarfi suka tafi.

Babu lokacin sake buga jadawalin. Na buga shekarun kaɗai a dogayen layuka, Anti ta ɗauko almakashi da gam. Tana yanka ina mannawa. Don sauri har na manna guda uku a juye, ta ɓare su ta gyara. Mai shara ma ta ajiye tsintsiya ta zo tana danna mana da tafin hannu. Sha ɗaya saura minti biyar muka sauka daga tasi a bakin zauren taron, kwalin yana warin gam.

Na zauna can baya kusa da ƙofa. Darakta ya hau, aka haska jadawalin a bango. Ya daɗe yana gyara makirufo.

"Za ku ga mun zo na biyu," ya ce. "Kada kowa ya tafa. Ku dubi 'yar takardar da aka manna a gefen kwafin da ke hannunku. Maƙwabtanmu sun ƙirga talakawansu bara. Mu rabonmu da ƙirga namu shekara goma sha ɗaya. Gaskiyar magana, ba mu san matsayinmu ba."

Zauren ya ɗauki gunaguni. Tsohon da ke gaba, wanda tuni ya ɗaga biro sama, ya sauke hannunsa a hankali.

Darakta bai yi min magana ba har mako ya zagayo. Kullum na ji takunsa a baranda sai in duƙufa kan aikina. A ƙarshen watan, takardata ta fito: an ƙara min wata uku na gwaji. Na kai wa mahaifiyata labari ina shirin kuka.

"Korar ki aka yi?" ta tambaya.

"A'a, Mama."

"To tashi ki goge kayan da za ki sa gobe."