Giwar Tsohon Direba

Shekara talatin Baba yana wuce ƙofar gandun dajin nan da babbar mota, bai taɓa shiga ba. Kullum kaya na jiransa a gaba. Da likita ya ce idon da ya rage masa ma ba zai daɗe ba, sai ya ce shi giwa yake son gani. Autarsa ce ta rufe shagon ɗinkinta ta kawo shi.

Tun safe motar gandun take jijjiga su. Sun ga kashin giwa, sun ga sawunta, sun ga birai har sun ishe su. Ruwan gora ya yi ɗumi. Bayan Auta ya riƙe, bakinta ya gaji da cewa, "Ba ita ba ce, Baba, dutse ne."

"Ɗan nan," Baba ya ce wa direban, "wa ya koya maka sa giya? Maƙiyinka?"

"Baba, ka bari mana," in ji Auta, kunya ta kama ta.

Direban ya duba agogo. "Ƙarfe biyar ake rufe ƙofa. Juyawa za mu yi."

Auta ba ta yi musu ba. Can cikin ranta ma daɗi ta ji, sannan ta ji haushin kanta.

"Kashe injin," in ji Baba. "Bel ɗin injinka kuka yake tun safe. Ko ni ne giwa da na gudu."

Direban ya yi tsaki, amma ya kashe. Suka zauna, ƙudaje na bin fuskokinsu. Auta ta jingina kai da ƙarfen kujera, idonta ya fara rufewa.

Sai ta ji Baba ya matse hannunta. "Ana karya reshe. Ta hagu."

Can ganye ya motsa. Giwa ta fito a hankali, ƙura a bayanta, ta tsaya a tsakiyar hanya.

"Baba, ka gan ta?"

Ya daɗe yana ƙanƙance ido, yana karkata kai.

"Na ga abu dai, kamar tirela ta yi lodi. Ina kan yake?"

Auta ta ɗaga yatsansa ta nuna masa kan, ta bi da shi har ƙarshen haure.

"To," ya ce, ya jingina. "Mu je gida, Auta. Ƙafafuna sun kumbura."