Takardar Yabon 'Yar Fari

Ina tsaye a kan Nanven a shagona, kitsonta ya kai rabi, ta jefo mini tambayar da ta hana ni cin abinci ranar nan.

"Maman Yasmina, shafi nawa kika cika a takardar yabon?"

"Wace takarda?"

"Wadda Mista Jerry ya aiko wa iyaye mana. Ni huɗu na cika wa Longji, har ranar da ya fitar da kyanwa daga kwata sai da na sa."

Ɗanta da 'yata ajinsu ɗaya, ajin ƙarshe na sakandare. Mista Jerry kuma shi ne malamin da ke rubuta wa kowane ɗalibi wasiƙar shaida zuwa jami'a. Nanven ta ce yara ɗari huɗu ne a hannunsa, rabinsu ko fuskarsu bai sani ba, don haka abin da uwa ta rubuta shi yake juyawa ya zama wasiƙa. Ranar Laraba za a rufe karɓar takardu a Chapel Hill, jami'ar da yarinyar nan tawa ta ƙwallafa rai a kanta tun tana 'yar shekara goma sha uku. Yau Litinin.

Na tuna abin da na rubuta. Layi biyu ne. "Tana jin magana. Ba ta da matsala."

To me zan ce? Ni Kouloussoum, a Maradi aka haife ni, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta zauna ta yabe shi a gaban baƙo. Uwata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba. Shekara goma sha bakwai "ke" nake ce wa tawa, ko "yarinyar nan". Ga bakin mutane, wanda ba ya barin abu mai kyau ya kai labari. Sai ga ƙasar da in ba ka buga wa ɗanka ganga ba, a ɗauka ba shi da komai.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mu muka kai ta can. A East Greensboro ita ce ta ɗaya a ajinta. Maazou, mijina, ya dage mu koma wajen Sedgefield saboda lakwal, wato makaranta, mai kyau. Muka koma, ta faɗa cikin 'ya'yan likitoci da lauyoyi, masu malamin lissafi a gida, masu wanda ake biya don ya gyara musu rubutu. Kusan duk ajin Chapel Hill suke nema, kuma kowa ya san ba za a kwashe su duka daga makaranta ɗaya ba. Makinta ba na raini ba ne, amma irinsa sun cika ajin. Ba ta ƙungiyar muhawara, ba ta wasan ninkaya. A takarda, yarinya ce da ke tashi daga makaranta ta ɓace.

Ni na san inda take ɓacewa.

Da ta dawo na tare ta a kicin. "Ke, kin ga abin da na rubuta wa malaminku?"

"Na gani, Mama. It's fine."

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

Ta ɗaga kafaɗa, ta ɗauki makullin mota, don lokacin kai Hajiya, kakarta, asibiti ya yi. Wannan "fine" ɗin, wai ba komai, ya fi zagi ciwo.

Talata da safe na rufe shago, mata uku suka yi ta kirana ban ɗaga ba. Maazou yana hanyar Tennessee da babbar mota, don haka ni kaɗai na je. A ofishin gaba suka ce sai da alƙawari. Na ce zan jira. Na zauna awa ɗaya da rabi ina kallon hotunan yaran bara da tutocin jami'o'insu a bango.

Mista Jerry dogo ne mai furfura, idanunsa duk gajiya. Ya ce ya riga ya rubuta wasiƙar, da yamma zai tura, amma yana da minti goma. Turancina na shago ne, na "zauna nan" da "kar ki motsa", saboda haka ya sa aka kira ta daga aji ta yi mana tafinta. Ta shigo ta gan ni, ta yi turus.

Na kafa idona a kan tebur, na fara da Hausa. Na ce shekara uku ke nan kakarta, uwar mijina, tana wankin ƙoda sau uku a mako. Yarinyar nan ce ke zama da ita awa huɗu, a kujerar asibitin take aikin makaranta. Ita ke faɗa wa likita abin da tsohuwa ke ji. Ita ta lura an haɗa mata magunguna biyu da ba sa jituwa, ta tsaya kai da fata sai da aka duba. Yanzu tsofaffin Nijar huɗu ke jiran ranar zuwanta don ta yi musu magana, har ta rubuta wa nas-nas ɗin kalmomin ciwo da Hausa da Zabarmanci a kati. Na yi magana har bakina ya bushe.

Ta juya wajensa, kanta a ƙasa. "She says I help my grandmother."

Wai tana taimakon kakarta, shi ke nan. Kalma shida. Mista Jerry ya gyaɗa kai, ya dubi agogo.

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Ba rashin kunya ta yi mini ba, kunyar ce ta yi yawa, kuma a wurina ta koya. Ko takardarta ta neman shiga, na tabbata haka ta rubuta ta, a takure.

Na dafa teburin. "No. Not finish."

Na kwaso Turancin shago, na haɗa da Faransancin firamare da hannuwa. Three years. Monday, Wednesday, Friday. Four hours. Na ƙirga masa tsofaffin da yatsu. Na zaro katin daga jakata, wanda na ɗauko a ɗakinta ba ta sani ba, na ajiye a gabansa. Ya ɗauka ya juya shi, ya daina kallon agogo, ya jawo kwamfutarsa.

"Wa ya rubuta wannan?" ya tambaya.

Sai da na yi bismilla a zuci, na nemi tsari daga baki da ido, har da nawa.

"Yasmina," na ce. "My daughter. Yasmina."

Sunan ya fito mini wani iri, kamar na sa takalmin wani. Ban dube ta ba. Mista Jerry ya yi ta bugawa yana tambaya, wannan karon ita ke amsawa, a hankali, amma ba ta rage komai ba. Minti goman ya zama arba'in. Da muka tashi ya ce ba zai yi mana alƙawarin komai ba, amsa sai ƙarshen Janairu.

Wato wata uku na zullumi ke gabana, kuma ban san ko na makara ba. Yasmina ta rako ni har mota. Na shiga na zauna. Ta sunkuyo ta taga, idanunta jajir.

"Mama," ta ce da Hausa, "ashe kina gani?"