Takardar da ke Ƙarƙashin Kifi

Ko da na tsallaka titi, Mista Ezell yana kwance a matakalar barandarsa, hannu ɗaya dafe da ƙirji.

"Loretha, daina kallona kamar talabijin," in ji shi. "Takardar tana firiza, ƙarƙashin kifi. Juma'a."

"Yi shiru, tsoho, motar asibiti na hanya."

Bai kai asibitin ba. Ranar Talata ce, da hantsi.

Shekara shida ke nan ɗansa tilo, Dontrell, yana gidan yari, ɗaurin rai da rai, saboda mutumin da ya mutu a hannunsa a bakin gidan mai. Mutumin ne ya fara zaro wuƙa. Amma da alƙali ya karanta wa mutum goma sha biyun nan masu yanke hukunci ƙa'idojin da za su bi, bai ambaci kare kai ba, lauyan da gwamnati ta ba Dontrell kuma bai ce uffan ba. Mista Ezell ya yi ta bin lauyan nan shekara da shekaru, sai makon jiya lauyan, a gadon ajalinsa, ya sa hannu a takarda a gaban mai hatimi cewa sakacinsa ne. Sabuwar lauya ta ce a kawo mata ainihin takardar birnin Montgomery kafin Juma'a, in ba haka ba ƙofar ɗaukaka ƙara ta rufe. Tsofaffin unguwarmu a firiza suke ɓoye takarda saboda gobara, don haka hankalina a kwance yake.

Laraba na wuni wurin masu shirya gawa, don Mista Ezell ba shi da kowa sai Dontrell. Alhamis da safe na buɗe firizar, sai na tarar da kwanukan abincin makoki jere har sama, kowanne da sunan mai shi a jiki. Matan cocinmu sun riga ni zuwa.

"'Yar'uwa Vernice, ina kifin?"

"Kifin da ya girmi jikokina? Yana shara. Da ina kike so mu sa makaronin?"

Na jiyo ƙugin motar shara, saura gida biyu. Na fita da silifa ɗaya, na kifar da garwar sharar a tsakiyar titi.

"Mama, in yunwa ce ai ga abinci can ana shiga da shi," in ji direban.

"Kashe motarka ka jira, ɗan nema."

A cikin ledar burodi na sami takardar, ta jiƙe gefe ɗaya, tana ƙarni. Hatimin bai taɓu ba. Na ja mota awa biyu ban ko wanke hannu ba. Lauyar ta karɓa da yatsu biyu, ta karanta sau biyu, ta ce, "Ban yi miki alkawarin komai ba. Amma yanzu dole su saurare mu."

Asabar muka binne shi. Ba su bar Dontrell ya zo ba.

Lahadi ƙarfe huɗu ina wanke kwanukan mutane ni kaɗai a gidan Mista Ezell, wayar bango ta yi ƙara, kamar yadda ta saba kowace Lahadi. Muryar inji ta ce kira ne daga fursuna, in danna ɗaya in na amince. Na danna.

"Anti Loretha," in ji Dontrell. "Ya sha wahala?"

"Yana zagina ya tafi."

Ya yi 'yar dariya, ta karye a tsakiya.

"Takardar ta isa, Dontrell."

"To wa zan riƙa kira yanzu?"

Kafin in amsa, minti goma sha biyar ɗin da gidan yari ke ba su ya cika, layin ya yanke.

Na fito baranda. Wata mota mai lambar wata jiha ta tsaya a bakin gidan. Wata Baturiya mai furfura ta fito riƙe da kwano rufe da tawul, ta tako har matakalar da ya faɗi.

"A jarida na ga sanarwar," in ji ta. "Ina cikin sha biyun nan na shari'ar ɗansa. Akwai abin da ya faru a ɗakin da muka yanke hukunci, shekara shida ban gaya wa kowa ba."

Na janyo mata kujerar Mista Ezell, wadda ba wanda ya zauna a kai tun Talata.