Malamin Bencin Baya

...ai ni Turanci ba koyonsa na yi ba, tare muka tashi. Baturen da na taɓa tuƙawa har hawaye ya yi ranar da zai koma ƙasarsu, wai wa zai riƙa gyara masa magana. Haka nake faɗa a gida, haka nake faɗa a wurin hira, ba wanda ya taɓa musa min. To wa ya san Baturen?

Bencin ajin Turancin nan dai na yara ne, gwiwata ta tokare teburi. Malamar — 'yata ta fari ma ta girme ta — tana jera su a allo: can, may, must, should. Wai ba sa fita su kaɗai, sai sun riƙo hannun wani aiki, shi kuma aikin haka yake biyo su tsurarsa, ba a maƙala masa komai a wutsiya. Na sani mana. Tuni kawai take min.

Must... ita ta ja min zuwa ajin nan. Baƙuwa ta iso ƙofar otal, ni da kakina da hulata, na tare ta da fara'a: you must give me bag, you must sit. Girmamawa fa nake yi. Ta rungume akwatinta kamar ta ga ɗan fashi. Manaja bai ɗaga murya ba. Ƙarshen wata zai sake sauraron bakina, ko may I ta zauna a harshena, ko a mayar da ni bayan gini gadin janareto. Ni? Da furfurata, cikin hayaƙi?

Uwar yara kuwa ce mata na yi koyarwa nake zuwa duk safiyar Asabar. Wai masu makarantar roƙona suka yi, malamansu sun gaza. Har guga take wa rigata, har ta gaya wa ƙannenta... ƙaryar ma ai rabi ce. Aji nake zuwa ko ba aji ba?

Could ta fi can ladabi, in ji malamar, kamar mutum ya rusuna kafin ya roƙa. Ashe su ma suna rusunawa, a baki. Baturen nawa bai taɓa — wata biyu ne ma na tuƙa shi, kuma da yatsa yake nuna min hanya...

Allon ya yi dishi-dishi. Could ce waccan ko would? Aljihun dama, na hagu — tabarau. A gida na bar shi, a kan rediyo.

Ana ƙwanƙwasa ƙofa. Wannan sallamar na san ta, a gidana ake yin ta.

"Malamin ajin nake nema, maigidana. Ya manta tabaraunsa."

"Ni ce malamar, Mama. Ko Baba na bencin baya? Yana ƙoƙari sosai."

Ƙoƙari. Tagar nan ƙarama ce, ba zan fita ta ciki ba. In ce duba aikin malamar na zo? In ce daga baya aka fi jin kuskure? Takun uwar yara na matsowa, ba sauri, yadda take tahowa in ta kama yaro da hannu a tukunya. Ta goge tabaraun da gefen mayafi, ta ajiye a gabana.

"Matsa min, Malam. Ci gaba da koyarwar, ina ji."

Na maƙala shi. Yanzu komai ya fito tar: allon, alli a hannun malamar yana nuna ni, in tashi in yi jimla da should... da fuskar uwar yara, ko dariya ba ta yi.

Should. I should... gwiwar ma ta ƙi fita daga ƙarƙashin teburin.