Saniyar Baba Dabo

"Mama Madina, riƙe mini ƙahon!" in ji Catherine, tana ƙoƙarin ɗura wa saniyar man gyaɗa da kanwa.

Duk ya zube a ƙasa. Cikin saniyar ya kumbura ta hagu, tam kamar ganga, ta daina tuƙa, sai nishi da dalala. Catherine ji take kamar ta kurma ihu, don ita ta jawo. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da maƙwabcinta Baba Dabo take taya matarsa Madina kiwo. Yau da safe ta yanko ɗanyen ganyen wake, jiƙe da raɓa, ta zube wa saniyar dami guda, wai gata. Malamin dabbobi kuwa ya tafi allurar shanu can garin Gitata.

Duk Angwan Iya an san yadda Baba Dabo ke kuri da saniyar nan. Yakan ce tumbinta ya fi injin niƙa, a zuba masa kara da dusa ya mayar da su nono. Da nonon nan tsofaffin biyu suke ci.

Sai ga Baba Dabo a ƙofar ɗaki, dafe da bango, da ƙaramar wuƙa a hannu.

"Baba, don Allah ka koma ka kwanta!"

"In ta mutu, me na bar wa Madina?" Ya tsaya ya ja numfashi. "Kama ni, 'yata."

Catherine ta tallafe shi, ba nauyin komai. Ya lalubi kwiɓin saniyar na hagu, tsakanin haƙarƙari da ƙugu, ya yi bisimilla, ya danna wuƙar da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Iska mai ɗoyi ta feso da ƙara, cikin ya soma saɓewa. Shi kuma ya sulale ƙasa, tari ya sarƙe shi har da jini.

"Baba, ni ce na ba ta ganyen," ta ce cikin kuka.

"A shanya shi tukuna," ya ce da ƙyar. "Kullum a shanya."

Bai kai la'asar ba. Da maza suka fita da makara, Catherine ta tsaya a bakin turke riƙe da hannun Madina. Saniyar na kwance a inuwar mangwaro, da tsumma a kwiɓi, tana tuƙa a hankali.