Mun Kai Mama Ƙarshen Layi

Cutar ba ta da suna, mu dai "tsayuwa" muke ce mata. Mutum na cikin aikinsa sai ya tsaya cak, ido buɗe, ka kira shi har muryarka ta dushe ba zai waiwayo ba. Da mai askin da ke ƙasan benenmu ta fara, almakashi a hannu, kan wani rabi a aske.

Yayanmu, wanda komai ya sani tun yana cikin zanin goyo, ya yanke hukunci a take: "A ɗauke Mama daga nan. A kai ta nesa."

Muka kai ta gidan Kawu, can inda motar haya take juyawa saboda hanya ta ƙare.

Abin da ya daure min kai, cutar ba ta bi ƙofa-ƙofa ba. Tsohon da bango ɗaya ya raba shi da mai aski, mutumin da ko gaisuwa ba ya amsawa, yana nan garau yana zagin yara. Amma direban da ke zuwa aski a shagon ya tsaya a tsallaken gada, bayansa mai sayar da tikiti, bayanta wata malamar asibiti da ba ta taɓa taka unguwarmu ba. Na faɗa wa Yaya a shagon ɗinkina cewa cuɗanya take bi, ba kusancin gida ba.

"Ke dai ki ji da kekenki," in ji shi.

A ɗakinta na da, Mama kan wuni ba ta ga kowa ba sai ni. Yanzu da ta yi nisa, tausayi ya kama kowa. Yaya ya je daga kantin magani, Auta ta je daga tasha, jikoki daga makarantu daban-daban, kowa da ledarsa. Na yi faɗa a daina zuwa har na gaji, aka ce ba ni da zumunci. Tsoro nake ji, wallahi, amma ni ma na kasa zama.

Da hantsi na isa. Mama na kan tabarma tana tsefe kai, lafiyarta ƙalau.

"'Yar nan, kin rame. Matso in gan ki."

Na yi niyyar in ce daga nan ma ya isa. Bakina bai motsa ba. Na nemi ja da baya, ƙafata ta ƙi.

Ashe waɗanda suka tsaya suna ji, suna gani. Ina kallo ta taso, ta riƙe fuskata da hannu biyu, numfashinta a kan kumatuna, tana kiran sunana. Sannan ta lalubo wayarta, ta kira Yaya.

"Babba, ƙanwarka ce. Ku zo. Ku zo dukanku, har yaran."