Kujerar Yoila

Ketura ta miƙa ƙafa iya ƙarfinta ta taka birki da kan yatsunta, motar ta yi kamar za ta tsaya ba ta tsaya ba, sai da ta je ta dunguri bayan wani Keke Napep a hanyar Dala. Mai keken ya diro yana kumfar baki. Ya duba bayan kekensa, ya ga ko fenti bai goge ba, ya leƙo ta taga ya tarar da 'yar gajeriyar mata da filo biyu a bayanta.

"Madam, ba ki da birki ne? Je ki a duba miki kafin ki kashe mutum!"

Karo na uku ke nan a wata guda. Ta karkata motar ta shiga garejin farko da ta gani.

Motar ta mijinta ce, Yoila. Shekara huɗu ke nan da ya shiga motar haya zai je Biu jana'izar kawunsa, ya bar tasa a gida don ya ce hanyar ba ta shiga da motar kai ba ce. An tare su a daji. Daga ranar ba a ga gawarsa ba, ba a kuma ji muryarsa ba. Dogon mutum ne, irin wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar coci, kuma duk haƙurinsa abu ɗaya ke sa shi mita, a taɓa masa kujerar mota. Da Ketura ta gaji da jiran keke zuwa makarantar da take koyarwa, ta koyi tuƙi ta fara fita da motar, ta gyara madubai, amma kujera ko da wasa ba ta taɓa ba. Ta tara filo, ta sayi takalmi mai tudu, tana tuƙi kamar mai leƙen katanga. Abokan aikinta suna tsokanarta, wai daga nesa sai a ɗauka motar ce ke tuƙa kanta. Ba wanda ta gaya wa dalili. Ita dai a ranta, ranar da ya dawo zai buɗe ƙofa ya zauna ya tarar da wurinsa yadda ya bar shi. Ƙanwarsa Naomi ta sha roƙonta ta bari fasto ya yi addu'ar bankwana, kowa ya samu ya huta, ta ƙi.

Mai garejin wani dattijo ne, Malam Abdulnasir, mai furfura a gemu, wanda a tsayi bai fi ta da komai ba. Ta gaya masa birki ba ya kamawa. Ya karɓi makulli, ya nuna mata benci a gindin darbejiya. Ta zauna ta juya wa motar baya, ta fito da littattafan yara tana dubawa da jan biro. Ta ji yana ƙwanƙwase-ƙwanƙwase, ta ji ya tayar da motar ya fita, bayan kamar minti goma ya dawo.

"Malama, birkinki lafiya lau," ya ce yana goge hannu da tsumma. "Har na taka da ƙarfi na kusa cin sitiyari. Ba birki ba ne, ƙafarki ce ba ta kaiwa. Wa ya bar miki kujera can baya kamar gadon asibiti?"

Jan biron ya faɗi daga hannunta. Ta tashi ta leƙa. Filonta biyu suna kwance a kujerar baya, kujerar direba kuwa ta matso gaba, ta miƙe tsaye.

"Ta ba ni wahala fa," ya ci gaba da fara'arsa, yana jiran godiya. "Ta yi tsatsa, ta ƙi motsi. Sai da na zuba mai na goge ƙarfen ƙasan tas. Yanzu da yatsa ɗaya ma za ki ja ta. Shiga ki gani."

Kunyar dattijon ce ta sa ta shiga. Ya sa ta cire takalmin mai tudu, ya ce ta jingina bayanta sosai, ta taka birki har ƙasa.

"Kin gani? Gwiwa ta ɗan lanƙwasa, kada ta miƙe sambal. Ɗora hannu a saman sitiyari. Yawwa, wuyan hannu ya kai ba tare da kin ɗago kafaɗa ba. Wannan matashin na sama kuma ba ado ba ne, daidai ƙeyarki zai tsaya, don in an buge ki ta baya shi zai tare miki wuya."

"Baba, mayar da ita," ta ce a hankali.

"In mayar da ita ina?"

"Inda take."

Ya dube ta, ya ga ba wasa take yi ba. Ta fito, ya sunkuya ya ɗaga ƙarfen ya tura kujerar baya, ta yi ƙas, ƙas, ƙas.

"Nan?"

Ta duba. Ya ƙara ƙas ɗaya. "Ko nan?"

Duk biyun sun yi mata kama.

"Maigidan dogo ne, ko?"

"Dogo ne."

"To ai shi ke nan. In ya shiga shi zai gyara abarsa, ko minti ɗaya ba zai ɗauka ba. Kowane direba da zamansa. Amma ke, wallahi ba zan bar ki ki fita daga nan da ita a baya ba. Makarantu sun tashi, yara sun cika titi, ɗan wani za ki take."

Ya jawo kujerar gaba ya riƙe mata ƙofa. Ta yi godiya, ya yi mata fatan sauka lafiya, har da cewa ta gaida maigida.

Tun da ta fara tuƙi ba ta taɓa jin motar ta bi ta kamar ranar ba. Tana ganin hancin motar, tana ganin ramuka kafin ta faɗa. Kusa da Ajilari wata akuya ta tsallako titi, ƙafarta ta sauka a birki gaba ɗaya, motar ta tsaya cak. Ciwon bayan da take kwana da shi kullum ma bai motsa ba.

Ta buɗe get da kanta, ta shigar da motar, ta rufe. Gidan shiru, sai kaji a bayan kicin. Ta durƙusa a ƙasa ba ta ko canza kaya ba, ta haska ƙarƙashin kujerar da fitilar waya, ko tsatsa ta bar alamar inda ta shekara huɗu a tsaye. Ƙarfen yana ta ƙyalli daga farko har ƙarshe. Dattijon ya iya aikinsa.

Ta shiga ta zauna, ta tura kujerar baya ƙas uku, ta rufe ido tana neman gwiwar Yoila a gefen sitiyari. Ta ƙara ɗaya. Ta rage biyu. Ta yi ta kai da komo har gumi ya jiƙa mata riga. Ta tuna dariyarsa, ta tuna yadda yake riƙe giyar mota da yatsu biyu, amma tsawon ƙafarsa ya ɓace mata. Tsoro ya kama ta, don ba ta san tun yaushe ya ɓace ba. Ko ta mayar da kujerar baya, ta san ba wurinsa za ta mayar ba, wurin wani dogon mutum ne kawai da ba ta sani ba.

Ta daɗe a zaune, ƙafafunta na lilo ba su kai komai ba. Gobe akwai makaranta, kuma yara za su cika titi.

Ta sa hannu ƙasa ta ɗaga ƙarfen, ta jawo kujerar har gwiwarta ta ɗan lanƙwasa, ta jingina bayanta. Zaman ya yi mata daɗi ƙwarai, kuma daɗin ne ya sa ta fashe da kukan da ta shekara huɗu tana hana kanta.